“Allah Ya Ƙara Basira” Ba Sharhi Ba Ne

Akwai hanyoyi biyu da muke kashe aikin mai koyo a ƙasar nan, kuma babu wadda take buƙatar wuƙa a cikinsu. Ta farko dariya. Ta biyu yabo. Ta farkon kowa ya san mugunta ce, don haka ba ni da dogon faɗa da ita. Rigimata da ta biyun ce, domin ita ce mai shigowa da fara'a da addu'a a baki, ta binne aiki da ransa, sannan mai aikin ya raka ta har ƙofa yana godiya.

Mu ɗauki yaro ɗan shekara goma sha bakwai a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun. Ya haɗa gem, wato wasan kwamfuta, irin na tsalle-tsallen nan da yawancinmu muka sani ta hanyar Mario: ɗan mutum yana gudu daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka, yana hawa dakali, yana kauce wa abokan gaba har ya kai ƙarshen mataki. Duk mai ganin wannan ya fi ƙarfin yaron Zamfara bai san inda duniya ta dosa ba. Manhajoji irin su Pocket Code da GDevelop suna bari a haɗa irin wannan wasa a kan waya, Scratch da Godot kuma kyauta ne ga mai kwamfuta. Abin da ake buƙata naci ne, da kuɗin data, da kuɗin caji a rumfar mai janareto. Yaron nan ya yi wata uku yana wannan biya. Ranar da ya gama, sai ya jefa wasan a zauren WhatsApp na unguwa ko na 'yan ajinsu, ya rubuta: “Don Allah ku gwada, ku faɗa mini inda zan gyara.”

Kun san abin da zai biyo baya, domin da ni da ku muke rubuta shi. “Masha Allah.” “Allah ya ƙara basira.” “Kai, Mafara ta yi gaba!” Sai alamun wuta da na tafi a jere kamar ɗinkin hula. Can ƙasa wani zai ce: “Wanga ai Mario na, mi kac canza?” Wani babba kuma ya ce ya bar shirme ya nemi sana'a. Saƙo arba'in, amma babu ɗaya da ya gaya masa cewa a bakin rami na biyu ana danna tsalle ɗan wasan ba ya tashi. Ba su faɗa ba saboda ba su kai rami na biyu ba. Mafi yawansu ko buɗe wasan ba su yi ba.

Kada a juya mini magana. Addu'a aba ce mai kyau, babu mai hankalin da zai ƙi a roƙa masa ƙarin basira. Abin da nake ƙi shi ne a mai da addu'a mafakar lalaci. Baƙo ya tambaye ka hanyar Maradun, ka ce masa Allah ya kiyaye hanya, ka juya ka tafi. Addu'arka tana nan, amma shi har yanzu bai san ko gabas zai yi ko yamma ba. Yaron nan tambaya ya yi, kuma tambayar tana da amsa. Wanda ya ba shi alamar wuta a madadin amsa, abin da ya gaya masa shi ne: na gan ka, amma aikinka bai kai in ɓata minti goma a kansa ba.

Masu karanta wannan mujalla sun fi kowa sanin cutar, domin ita ce take cin marubutanmu na intanet. Labari ya yi nisa, yarinyar da aka ce mahaifinta ya rasu a babi na biyu sai ga shi yana karɓar sadakinta a babi na talatin, babu wanda ya ce uffan. “Muna jiran ci gaba, Anti.” Haka marubuciya za ta yi littafi biyar da kuskure iri ɗaya, tana zaton ta ƙware, saboda masoyanta sun fi son ta ji daɗi a kan ta iya.

Ku tuna kuma a ina yaron nan yake zaune. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. A ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai a makarantar Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, bayan kwana biyu kuma aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar, aka yi makonni waya ba ta kira, intanet ba ta buɗewa. Yaron da ya taso cikin wannan, aka hana shi aji aka hana shi sabis, amma duk da haka ya zauna ya koya wa kansa yadda ake sa hoto ya yi tsalle a fuskar waya, ya cancanci abin da ya fi tausayi. Tausayi ne yake sa mu yaba masa ko mene ne ya kawo, kamar yadda ake tafa wa jariri in ya tsaya da ƙafafunsa. Shi kuwa ba jariri ba ne. Mai sana'a ne a farkon hanya, kuma girmamawar da ake yi wa mai sana'a ita ce a duba aikinsa da ido biyu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wannan yanki ya fi ko'ina sanin yadda ake yin gwani. Nan ne ƙasar Ibrahim Gurso na Mafara. Nan ne ƙasar Sa'idu Faru, wanda garinsu Faru yake cikin Maradun. Nan ne ƙasar Musa Ɗanƙwairo, haifaffen yankin Bakura da duniya ta sani da Maradun, wanda ya rasu a 1991 amma har yau waƙoƙinsa suna cikin wayoyinmu. Ɗanƙwairo bai faɗo daga sama da kotso a rataye ba. Cikin ayarin mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya taso, ya yi amshi a bayan na gaba da shi kafin ya ja nasa ayarin. Duk wanda ya san yadda makaɗan fada suke aiki ya san ɗan amshin da ya shigo kafin gaɓa, ko ya ja kalma fiye da kima, ba a ce masa Allah ya ƙara basira. A nan take ake tsayar da shi a ce ya sake. Maƙeri ma haka yake yi wa yaronsa: ya ɗauki fartanya ya juya, ya nuna inda ƙarfe bai ci wuta ba, ya mayar da ita cikin garwashi. Kakanninmu sun bar mana magana a kan wannan, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ne muka zo muka mai da kowane gyara cin fuska.

To, yaya ake yi wa irin wannan wasa sharhin da zai amfani mai shi? Ba abu ne mai wuya ba, lokaci kawai yake ci.

Da farko ka buga wasan. Ka buga shi har ƙarshe, ko har inda ka maƙale, ka sake bugawa. Sannan ka faɗi irin wayarka, domin wasan da yake gudu sumul a babbar Samsung yana iya rarrafe a ƙaramar itel, kuma mafi yawan waɗanda za su buga shi a Bakura ƙananan wayoyi gare su. Ka faɗi ko wayar ta yi zafi, ko batir ya zube, ko wasan yana buɗewa ba tare da data ba. A garin da aka taɓa katse sabis na makonni, wannan tambaya ta ƙarshe ba ƙarama ba ce.

Na biyu, ka ba da labarin abin da ya faru da kai, ka ajiye hukunci. “Wasan yana da wuya” ba ta gyara komai. Amma in ka ce, “A mataki na biyu, bayan gadar katako, na faɗa rami ɗaya sau tara, domin ba na ganin inda zan sauka kafin in yi tsalle,” ka ba shi aiki a hannu. Yanzu ya san matsalar ta kyamara ce: ya kamata hoton ya riƙa leƙa gaba kaɗan zuwa inda ɗan wasan ya fuskanta. Ramin da ba a ganin ƙarshensa caca ce, kuma mai wasa ba ya yafe mutuwar da ba laifinsa ba.

Na uku, ka kula da tsallen kansa, domin shi ne ran irin wannan wasa. Akwai wani wasa mai suna Celeste da ya fito a 2018, wanda Maddy Thorson da Noel Berry suka fara haɗa ƙaramin samfurinsa cikin kwana huɗu a 2015. An san shi da tsananin wuya, amma masu buga shi ba sa jin an zalunce su. A 2020 Thorson ta bayyana wasu daga cikin dalilan. Idan ɗan wasan ya ɗan wuce bakin dakali, ana ba shi wani ɗan guntun lokaci da har yanzu zai iya tsalle, kamar ƙafarsa tana ƙasa. Masu sana'ar sun raɗa wa wannan rangwame sunan wata dabba mai kama da dila ta katun ɗin Amurka, wadda take wuce bakin dutse ta tsaya a iska kafin ta lura ta faɗi. Haka kuma idan ka danna tsalle kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa da ɗan ƙiris, wasan yana riƙe umarnin ya aiwatar da zarar ya sauka. Mai koyo yawanci bai san da waɗannan ba. Shi ya sa ake danna tsalle a bakin rami na biyu ɗan wasan ya ƙi tashi: a lissafin waya ya riga ya bar ƙasa, a idon ɗan Adam kuwa yana kai. Wanda ya gaya wa yaron nan “na danna amma bai tashi ba” ya fi masa amfani a kan masu tafi ɗari.

Na huɗu, ka duba ko matakin farko yana koyar da wasan. A Super Mario Bros. na 1985, wanda Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka jagoranta a kamfanin Nintendo na Japan, babu dogon bayani a farko. An ajiye Mario a hagu yana fuskantar fili a dama, ka san inda za ka nufa. Abokin gaba ɗaya yana tahowa a hankali, ka koyi tsalle. Naman kazan da ke ƙara masa girma yana dukan bututu ya dawo kanka, da wuya ka kauce, sai ka gane alheri ne. Gaba kaɗan akwai tsanuka biyu masu fili a tsakiya wanda in ka faɗa ba abin da zai same ka, sannan a kawo irinsu masu rami na gaske. Kuma wannan mataki ba shi aka fara ginawa ba, sai da suka san wasansu tukuna. Ka tambayi wasan yaron: ya gwada ni a inda babu haɗari kafin ya hukunta ni?

Na biyar, ƙananan abubuwan da suke korar mutane. Madannan da ke kan fuskar waya sun yi ƙanana? Babban yatsa yana rufe ramin da ake so ka gani? In an mutu, ana komawa farko can, ko akwai zango a tsakiya? Daƙiƙa nawa ake jira kafin a sake gwadawa? Ƙaya tana kashe ka alhali da ido ba ka taɓa ta ba? Ka ware kuskuren aiki daga son ranka: “ɗan wasan yana ratsa bango” kuskure ne, “ba na son launin kore” ra'ayi ne, ka faɗa masa wanne ne wanne.

Kada kuma ka manta da faɗin abin da ya yi kyau, amma ka nuna shi da yatsa. “Ƙarar da yake yi in ya ɗauki tsaba tana sa in so ɗaukar wata.” Wannan yabo ne mai aiki, domin mai koyo bai san inda ya dace ba kamar yadda bai san inda ya kauce ba, yana iya goge mafi kyawun abin da ya yi a gyara na gaba. Daga nan ka zaɓi manyan matsaloli uku ka tsaya. Wanda aka jibga wa gyara talatin a dare ɗaya ba zai taɓa ko ɗaya ba.

Saura mai cewa “wanga ai Mario na.” Gaskiya ya faɗa, amma rabinta, kuma ya faɗe ta don ya rufe magana. Kowa da kwaikwayo ya fara. Abubakar Imam ya ɗebo labarai da dama na Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da Indiya da Turawa, ya sa musu riga da hula har Bahaushe ya ɗauka a zauren kakansa aka haife su, kuma ya yi aikin ne a Zariya tare da Rupert East yana dubawa yana gyarawa. Tambayar da ta dace ita ce: me ka ƙara? Me ya sa ɗan wasanka yake shiga koren bututu cikin ƙasar da babu wanda ya taɓa gani, ga madatsar ruwan Bakolori a bayan gidanku tun 1978, da magudananta da gadojinta da fadamun shinkafa? Matakin da ruwa yake hauhawa saboda an buɗe ƙofar dam, dole ka hau sama kafin ya cim maka, babu shi a Mario. Kasuwar Talata ranar da ta cika, ana tsallake buhuna da amalanke da ƙahon shanu, babu wanda zai zana ta sai ɗan garin. Olivier Madiba na Kamaru ya yi fiye da shekara goma yana juya wasansa Aurion, wanda ya fara a matsayin aikin mai koyo, kafin kamfaninsa Kiro'o Games ya fitar da shi a 2016, kuma abin da ya ja hankalin duniya shi ne kamannin Afirka da ke cikinsa. Zargin kwafi in ba a haɗa shi da shawara ba jifa ne kawai. Nguyen Ha Dong na Biyetnam ya sha irinsa a kan korayen bututun Flappy Bird, ga zagi ta ko'ina. A Fabrairun 2014 ya sauke wasan daga kasuwa yana kan ganiyarsa. Shi da kansa ya ce yadda mutane suka kamu da wasan ne ya dame shi, amma babu wanda zai ce ruwan zagin ya ƙara wa wasan ko shi wani abu.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce gyara zai karya wa yaro gwiwa. Abin da yake karya gwiwa shi ne a cika ka da yabo, ka fitar da aikinka ga baƙin da ba su san ka ba, su buɗe su rufe cikin minti ɗaya, kai kuma ba ka san dalili ba. Daga nan sai ɗayan biyu: ko ka ce duniya ce ta tsane ka, ko ka ce ba ka da baiwa. Duka biyun ƙarya ne, tsallenka ne kawai yake buƙatar gyaran rabin awa. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa.

Za a ce, “Ni ban san kwamfuta ba.” Ba sai ka iya tuƙa tuwo ba kafin ka san yana da gudaji. Hasali ma, gwajin da ya fi kowanne amfani shi ne a miƙa wayar ga wanda bai san komai ba, ƙanwa ko kawu, mai wasan ya zauna a gefe ya kame bakinsa, ya ga inda aka rikice.

Za a ce wasa ne, ɓata lokaci ne. Tsoron iyaye game da waya yana da tushe, kuma gaskiya ne ba kowane mai haɗa gem ne zai ci abinci da shi ba. Amma yaron da ya sa hoto ya tashi sama ya dawo ƙasa yadda ido zai yarda ya yi lissafin gudu da nauyi, ya koyi tsara umarni bi da bi, ya koyi bin kuskure har raminsa. Da wannan ilimin ake rubuta manhajar asibiti da ta banki. A shekarun 1990 ma an raina littattafan soyayya, Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da wasu suka mayar da martani a jaridu. Muhawarar ta yi zafi, amma kowa ya sa sunansa ya kawo hujja, kuma yau a jami'o'i ake rubuta kundaye a kan littattafan. Suka mai hujja, ko da ɗaci, ta fi yi wa adabin nan hidima a kan shirun masu fatan alheri.

Kai kuma mai wasan, ƙanena, da sauran magana a kanka. Ka cire kalmar hassada daga bakinka. Ba duk wanda ya ce tsallenka yana da nauyi ne yake baƙin ciki da kai ba. Wanda ya ɓata datarsa ya sauke wasanka ya mutu sau tara ya fi ƙaunarka a kan wanda ya turo maka zuciya ja. In ana gaya maka matsala, kada ka tsaya kare kai kana bayanin yadda ya kamata a buga, domin ba za ka bi kowane mai waya gida ka yi masa bayani ba. Ka rubuta. In mutum uku suka faɗi a wuri ɗaya, wurin ne da laifi. Amma ka sani, mai gwaji ya kan gane inda yake ciwo, bai cika gane magani ba. Zai ce ka cire ramin, alhali kyamara za ka gyara. Ka karɓi ciwon daga gare shi, maganin naka ne.

Kuma wannan ba zancen ladabi kaɗai ba ne, har doka ta shigo ciki. Wanda zai sa wasa a Google Play sai ya biya dala 25 na rajista, kuma sababbin asusun ɗaiɗaikun mutane da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamban 2023 sai sun gwada manhajarsu da masu gwaji na tsawon kwana 14 a jere kafin a bari su fitar. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Kamfanin da bai san yaron nan ba ya ce sai mutum goma sha biyu sun riƙe wasansa mako biyu. Mu da muka san gidansu mun kasa ba shi minti goma.

Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, tana da Jami'ar Jihar Zamfara. Ba sai an jira kwangila ko tallafin ƙasar waje ba. Tebur ɗaya, yamma ɗaya a wata, masu haɗa wasa su kawo, ɗalibai da malamai su buga, kowa ya tashi da abubuwa uku a takarda. Mujallu irin wannan su buɗe shafi ga sharhin wasanni kamar yadda suke yi wa littattafai, da suna da hujja. Kai kuma mai karatu, in aka sake jefa irin wannan aiki a zaurenku, ka riƙe yatsanka daga alamar wuta. Sauke shi, buga shi, faɗa rami, ka dawo ka faɗi wane rami ne. Bayan nan ka yi masa addu'ar ƙarin basira, za ta tarar da abin da za ta ƙaru a kai.